Wa ya koro ka?

Mai karatu, ban sani ba ko ka taɓa ganin mutumin da ba ku haɗa gari ba, ba ku haɗa dangi ba, ko harshen sa ba ka ji, amma da ka dubi fuskar sa sai ka ji kamar ɗan ɗakin ku ne. Ni dai abin ya faru da ni a watan Fabrairun 2022, a wani shagon cajin waya da ke kusa da tasha a Dutsin-Ma. Hunturu ya na kaɗawa, hazo ya lulluɓe gari, samari sun yi cincirindo a kan wayar wani yaro su na ta ƙyaƙyata dariya. Na leƙa in ga abin da ake wa dariya.

Ashe wani ɗan Nijeriya ake nunawa, ya ɗaura wasu dogayen katakai sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu ya na dogarawa, ya na tsere a kan dusar ƙanƙara. Sunan sa Samuel Ikpefan. A Faransa aka haife shi amma mahaifin sa ɗan ƙasar nan ne, kuma shi ne na farko da ya wakilci Nijeriya a irin wannan tsere a gasar Olamfik ta hunturu, wadda aka yi a ƙasar Sin a shekarar. Bai samu lambar yabo ba. Wani cikin samarin ya ce, "Kai jama'a! Mu da ko ƙanƙarar sanyaya zoɓo sai an kawo wuta mu ke gani, mi ya kai mu?" Aka sake fashewa da dariya.

Ni ban yi dariya ba, domin hakin da ya ke yi na ke kallo. Na san wannan hakin. Shekara 9 na yi ina irin sa a garuruwan mutane, ina gudun dogon zango, daga 1999 zuwa 2007. Na kuma san cewa abin da samarin nan su ka gani a waya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na rayuwar ɗan tsere ba. Ragowar duk a kan hanya ta ke.

Daga ranar na shiga bin diddigin wannan wasa na zamiya a kan ƙanƙara, sai na tarar 'yan'uwan mu ne a wahala. Ba irin wanda ake gangarowa daga kan tsauni ba ne. Wannan ratsa daji ake yi, a hau tudu a sauka kwari, wani tseren ya kai kilomita 50. A ƙasar Suwidin ma akwai wani mai kilomita 90 da ake kira Vasaloppet, wanda aka fara tun 1922. Kakar su ta na farawa ne a ƙarshen Nuwamba a arewacin ƙasar Finland, ta ƙare a watan Maris, kusan kowane mako a wani gari daban. Wata huɗu mutum ya na rayuwa daga jaka zuwa ɗakin otal. Dokar su ta ce in sanyi ya zarce awo 20 ƙasa da sifiri ba za a tashi tsere ba, ka ga ke nan duk abin da bai kai haka ba a cikin sa su ke gudu. Sannan akwai wani irin kaki da ake shafa wa ƙasan katakan, kowane yanayi da irin nasa. In aka shafa wanda bai dace ba, ko kai ne gwanin duniya ka sha ƙasa. Ƙasashe masu ƙarfi irin Norway da babbar mota guda su ke yawo, cike da katakai da ma'aikatan da ba su da aiki sai shafa kaki. Shi kuwa ɗan ƙaramar tawaga, shi ne mai tseren, shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai lissafin kuɗin masauki. To wannan na biyun shi ne nawa.

Ni mutumin Kurfi ne. Da na gama firamare aka kai ni sakandare a Dutsin-Ma, na zauna gidan wani ƙanen Baba. Tsakanin garuruwan biyu kilomita ashirin da 'yan kai ne. Duk ranar Juma'a Baba ya kan aiko mani da kuɗin mota in zo gida, ni kuma sai in kashe su a kan rake da ƙosai tun kafin a tashi makaranta. Da farko da ƙafa na ke takawa, sai na ga dare na yi mani, na koma sassarfa, daga nan na koma gudu. Kafin in shiga aji huɗu na kan bar Dutsin-Ma da la'asar sakaliya in tarar da sallar magariba a Kurfi.

Ranar da Baba ya gano, ya na zaune a ƙofar gida ya na gyaran igiyar guga, sai ga ni na faɗo jiƙe sharkaf da zufa. Ya miƙe tsaye ya na leƙen bayana.

"Kai, wa ya koro ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"To mi ka ke ma gudu?"

Na rasa amsa. Ya daɗe ya na kallo na, sannan ya juya ya ce wa Inna ta nemo wa yaron nan rubutu. Kada ka ga laifin sa, mai karatu. A wurin Bahaushe gudu ba ya zuwa haka kawai. Shi ya sa mu ke cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ɗan dambe ya na da makaɗi, ɗan kokawa ya na da kirari, mai sukuwa ya na da sarki. Mai gudu kuwa ko ɓarawo ne, ko mahaukaci, ko wanda ya taka sawun ɓarawo.

Malamin mu na wasanni ne ya fara ce mani abin nan da na ke yi sana'a ce a wasu ƙasashe. Shi ya ba ni labarin Abbas Mohammed, wanda ya yi wa Nijeriya gudun fanfalaki a Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, sannan a 1990 ya cinye kilomita 42 a Legas cikin awa 2 da minti 16, bajintar da ta shafe sama da shekara talatin ba a samu ɗan ƙasar nan da ya karya ta ba. Malam ya ce, "Ka ji sunan sa dai. Ba aljani ba ne." Shi ya fara kai ni Katsina a bayan babur ɗin sa, daga can aka zaɓe ni zuwa Kaduna. Shi ke nan, hanya ta buɗe, ban ƙara zama wuri ɗaya ba.

Bari in gaya maka yadda abin ya ke. Tseren mita 10,000 ga irin mu rabin awa ne da 'yan mintoci. Amma kafin ka samu wannan rabin awar sai ka yi kwana ɗaya ko biyu a mota, ku huɗu a kujerar mutum uku, gwiwa a manne da ƙarfe. Ƙafar da ka yi wata uku ka na tarairaya ta kumbura kamar ta mai ciki. Duk inda direba ya tsaya shan mai sai in fita in yi ta tsalle-tsalle a gefen titi, fasinjoji na kallo na ta taga, wata tsohuwa ta taɓa tambaya ta ko fitsari ne ya matse ni. In an isa, masauki ajin makaranta ne: a ture bencina, a shimfiɗa katifu ko tabarmi, sauro ya yi ta biki. In tafiyar kai na ce ba ta tawaga ba, sai in nemi unguwar Hausawa in kwana a masallaci, jaka ta ce matashin kai. Na yi sallar ƙasaru a garuruwan da yanzu ko sunan su ba na iya tunawa.

Guzuri na bai wuce garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da dabino ba. Na koyi haka ne da wahala, bayan wani dare da na ga abokan tafiya na cin wata miya mai daɗin ƙamshi na sa hannu. Washegari zagaye uku kawai na yi a fili na nemi bayan gida. Tun daga ranar ba na cin abin da ban sani ba sai an gama tsere.

Takalmi kuwa ƙafa ɗaya gare ni, na gwanjo, daga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Da shi na ke atisaye, da shi na ke gasa, da shi na ke zuwa ɗaurin aure. Wani mai gyaran takalmi a bakin kasuwa ya ɗinke shi har ya haddace shi, in ya hango ni sai ya ce, "Maras lafiyar namu ne ya dawo?" Shi ya sa da na ji labarin motar kakin 'yan Norway na yi murmushi. Mu ma mu na da namu 'yan Norway ɗin, su ne mutanen Filato, musamman 'yan Pankshin. Su a kan tudu aka haife su, Jos kan ta ta haura mita 1,200 sama da teku, mu kuwa a nan ƙasar Katsina ba mu kai rabin haka da wani abin kirki ba. Iskar kan tudu ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu, in mutum ya sauko ƙasa sai ya ji kamar an ƙara masa huhu. Sirrin 'yan Kenya da Habasha ke nan, waɗanda ke atisaye a sama da mita 2,000. Na taɓa zuwa Pankshin na yi wata guda a ɗakin wani abokin hamayya ta, Kirista, wanda uwar sa ta ware mani tukunya ta daban kuma ta ke tashi na da asuba in yi salla. A fili kuwa ba ya raga mani ko taku ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Akwai wata gasa, ba zan faɗi garin ba, da aka gama aka ce mu jira alawus. Jami'in da kuɗin ke hannun sa ya ce ya na zuwa, ya shiga mota. Kwana biyu mu na zaune a gindin bishiya mu huɗu. A rana ta uku na sayar da agogo na, wani ya sayar da rigar sanyin sa, mu ka hau bayan motar kaya mu ka dawo. Da na iso gida aka tambaye ni me na samo, na ce na zo na shida. Inna ta ce, "Na shida ana ba shi mi?" Na ce ba a ba shi komai. Ta ce to Allah Ya kyauta.

A duk shekarun nan babbar kyautar da na taɓa ci ita ce rediyo, ranar da na zo na uku a wani tseren kan titi. Na kawo wa Baba. Ya karɓa ya jujjuya ta, bai ce uffan ba, ya shige da ita ɗaki.

A 2005 aka fara wani tsere na hawan dutse a Obudu ta Jihar Kuros Riba, kilomita 11 daga gindin tsauni zuwa ƙololuwa, wanda ya zo na ɗaya a ba shi dala 50,000. Duk mai gudu a ƙasar nan sai da ya yi mafarkin wannan kuɗi. Na yi shekara biyu ina tari, na sayar da tunkiya ta, a ƙarshen Nuwamban 2007 na shirya. Lokacin kaka ne, ana ta ɗaurin dawa, Baba kuma ya na kwance da ɗan zazzaɓi. Na durƙusa na ce zan tafi. Ya ce, "Yanzu kuma ina?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ka bar dawa a gona ka tafi hawan dutsen wasu, ga dutse a Dutsin-Ma ba wanda ya hana ka." Ya yi shiru, can ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ranar Laraba na tashi. Funtuwa, Zariya, Kaduna, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko. Da mu ka iso Katsina-Ala na ga sunan a allo, sai na ji kewar gida ta kama ni, ga Katsina amma ba tamu ba. Ban isa Obudu ba sai daren Alhamis. Waya ta ta mutu tun a Lafiya, ban damu in yi caji ba, hankali na duk ya na kan dutse.

Ranar Asabar da safe aka tashe mu. Mai karatu, titin nan lanƙwasa 22 gare shi, kuma babu inda ya ke sauka, hawa ne zalla. 'Yan Habasha da Kenya su ka ɓace mani tun a lanƙwasa ta uku. A ta goma na ji kamar an ɗaura mani turmi a kowace cinya. Wajen ta goma sha biyar na yi abin da ban taɓa yi ba a gasa, na koma tafiya, hannu a kan gwiwa. Hazo ya sauko, sanyi ya shiga ƙashi na, ga ciyawa kore shar ga shanu na kiwo, ni kuwa ina ta lissafin tunkiya ta. Na ƙarasa dai. Ko na nawa na zo ban tambaya ba.

Ina zaune a ƙasa ina haki sai wani ɗan Habasha, wanda ya daɗe da gamawa har ya sa rigar sanyi, ya zo ya tsuguna gaba na, ya miƙa mani gorar ruwan sa, ya dafa kafaɗa ta ya faɗi wata kalma da har yau ban san ma'anar ta ba. Shekaru bayan haka na karanta labarin Philip Boit, ɗan Kenya mai gudu wanda ya koma zamiyar ƙanƙara. A Olamfik ta 1998 a Nagano ta ƙasar Japan shi ya zo na ƙarshe, na 92, a tseren kilomita 10. Wanda ya zo na ɗaya, Bjorn Daehlie na Norway, ya ƙi tafiya karɓar lambar sa, ya tsaya a bakin layi cikin sanyi har Boit ya iso ya rungume shi. Da aka yi wa Boit haihuwa sai ya sa wa yaron suna Daehlie. Ban yi mamaki ba. Wanda ya hau dutsen ya san abin da na baya ya sha.

Da yamma na sauko gari na sa waya a caji a shagon wani Bahaushe mai sayar da goro. Ta na kamawa saƙonni su ka shigo a jere. Baba ya rasu daren Juma'a. An yi jana'izar sa da safiyar Asabar, daidai lokacin da na ke ƙirga lanƙwasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A kan motar doya na dawo, kwana biyu. Ban samu wankan sa ba, ban samu salla ba, ban ɗauki makara ba, sai zaman makoki na tarar. A nan ne wani tsoho, abokin hirar Baba, ya jawo ni gefe ya nuna mani rediyon nan a kan tabarma. Ya ce kullum da ita Baba ke fitowa dandali, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya gaya masa, "Wannan da ka ke gani, yaron nan ne ya gudo mani da ita tun daga birni, mutum ɗari ya tsere mawa." Mu ba mu kai arba'in ba a tseren. Ni kuwa bai taɓa ce mani sannu ba, ka san kara irin ta iyayen mu da ɗan fari. Allah Ya jiƙan sa, Ya sa Aljanna ce makoma.

Daga nan ban sake fita gasa ba. Na koma karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, na zama malamin firamare, na yi aure.

Na san masu karanta wannan mujalla ma'abota fim ne da littattafai, shi ya sa na kawo kuka na nan. Turawa sun yi 'Cool Runnings' a 1993 a kan 'yan Jamaika da su ka je wasan ƙanƙara ba su da ƙanƙara a ƙasar su. Indiyawa sun yi 'Bhaag Milkha Bhaag' a 2013, mun kalla mun yi hawaye. To marubutan mu da daraktocin mu, ga labari nan a tashoshin motar mu. Ba sai jarumin ya ɗaga kofi a ƙarshe ba. Ku nuna shi ya na ɗinke takalmi, ku nuna shi ya na jiran alawus a gindin bishiya, ku nuna budurwar da ta gaji da jin "na zo na shida" ta auri mai shago. Wannan na ƙarshen ma ya faru da ni, amma mu bar shi sai wani jiƙon.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne ɗa na, mai sunan Baba, wanda mu ke kira Abba. Ya na da ƙafa, wallahi ya fi ni. Amma titin da na koyi gudu a kan sa ba zan iya sakin sa a kai ba. Tun wajajen 2019 da 'yan bindiga su ka addabi yankin mu, daga Batsari da Safana har Kurfi da Dutsin-Ma, na ga mata da goyo su na gudu a gonakin da na ke ratsawa don nishaɗi. Sa gudu ya zo. An yi zaman sulhu a 2025, mu na addu'ar Allah Ya ɗorar da zaman lafiya, amma har yau ban iya ce wa yaro ya fita bayan gari da duku-duku ba. A filin makaranta ya ke zagaye bayan rana ta fito, ni ina tsaye da agogo. Zagaye 25, sai ka ce jakin da aka ɗaure a turke.

Kwanan baya ya zo ya durƙusa ya ce malamin su ya sa sunan sa cikin masu zuwa gasa. Na kwana ban yi barci ba. Na san abin da ke kan hanyar nan tun daga kujerar mota har zuwa saƙon da ke iske mutum a garin da ba shi da kowa. Na kuma san cewa in na hana shi, na hana shi uwar Pankshin da ɗan Habasha da duk abin da ya sa na dubi Samuel Ikpefan na gane shi. Da gari ya waye na tafi kasuwar Laraba na sayo masa takalmi ƙafa biyu. Na kafa masa sharaɗi uku: kada ya bar salla, kada ya ci abin da bai sani ba kafin tsere, kuma kada wayar sa ta mutu.

Da ya je yi wa Inna sallama, ta dube shi sama da ƙasa, da takalmin a rataye a wuya, ta ce, "Maigida, kai kuma wa ya koro ka?"

Ya ce, "Ba kowa, Inna."

Ta kwance bakin zanen ta ta ba shi naira 500, ta ce ya sayi dabino a hanya. Ni na raka shi tasha. Mai karatu, in ka ga wani siririn yaro ya na tsalle-tsalle a gefen titi an tsaya shan mai, don Allah kada ka yi masa dariya, ka tambaye shi ko ya ci abinci.